Ƙara Biyu a Falon Kaka Halo

"…lafiya lau na kwana, shigowarka ce dai ta ɓata mini rana. Wannan kwalin fa? Ko yau Allah ya shirye ka ka yi wa matarka cefane?"

"Cefanen me, 'yar tsohuwa? Ina haƙoran da za su ci cefanen?"

"Suna cikin kofi, kuma ko a can sun fi ka amfani. Tuɓe takalmin nan, maigidan banza, yanzu aka goge mini ɗaki."

Injiniya ya tuɓe takalmi, ya dire kwalin a tsakiyar falo yana haki. Kakarsa ce ta wajen uwa, kuma tun yana rarrafe take kiransa mijinta, shi kuwa tun da ya iya magana bai taɓa barin ta ci bulus ba. Duk dangi Kaka Halo suke ce mata. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ofishin tarho, tana zaune gaban allon haɗa kira da abin sauraro a kunne, ta zare wannan igiya ta soka waccan. An rufe ofishin, duniya ta koma wayar hannu, ita kuwa ta ce ba mai yanke mata layi sai bayan ranta. Baƙar wayarta na nan a kan tebur kusa da taga, a kan ƙyallen da ta saƙa mata da hannu. Abin alfaharinta a duniya guda ne: tunda take, waya ba ta taɓa yin ƙara biyu a gabanta ba.

Layin nan ne ya kawo Injiniya, ba zumunci ba. Shi ke kula da babbar kwamfutar wani kamfanin rarraba magunguna, wadda suke kira uwar garke domin ita ke riƙe da sauran. Tana can a rumbun kamfanin, tafiyar awa bakwai a mota. Daga ofis yake shiga ya gyara ta ta intanet, amma da an yi ruwa da iska intanet ɗin rumbun sai ya ɗauke, shi kuma sai ya ɗauki jaka. Mako mai zuwa za a sauya manhajar rumbun gaba ɗaya, manaja kuma ya yi magana ɗaya: ko dai Injiniya ya saita modem ɗin da za a riƙa shiga uwar garke da shi ta tsohon layin tarhon rumbun, a gwada a gani kafin direban kamfani ya tashi zuwa rumbun ƙarfe huɗu, ko kuwa ya shiga motar da kansa ya yi mako biyu a can. Matarsa kuwa haihuwa ko yau ko gobe, cikin fari. Tsoro yake ji sosai, ya dai ɓoye shi a bayan baki.

"Aron layinki zan yi na awa ɗaya."

"Ka ji ɓarawo da sallama. Me za ka yi da shi?"

"Wannan akwatin zan jona. Modem sunansa, in ya yi aiki mota za ta kai shi rumbunmu. In an bugo waya, shi zai ɗauka."

Kaka Halo ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dubi akwatin, ta dubi jikanta.

"Shi zai ɗauka. Ina raye. Ina zaune."

"Aikinki ne dai na da, sai dai shi ba ya gulma."

"Ba ya gulma saboda ba wanda zai amince ya gaya masa komai. Yaushe motar za ta tashi?"

"Ƙarfe huɗu."

"Yau? Kai dai har ka mutu ranar tafiya za ka riƙa fafe gora. Haka ka zo duniya ma, ba shiri."

Ya durƙusa bayan tebur, ya zare igiyar bango ya soka a modem, ya ɗauko wata ya haɗa modem da baƙar wayar, sannan ya jona kwamfutarsa ta cinya. Ɗan littafin bayanin da ya zo cikin kwalin ya jefar kan kujera, Kaka ta ɗauke tana fifita da shi. Ya buga 'yan haruffa, ya ce wa modem ya ɗauki kira bayan ƙara huɗu, ya zaɓa masa gudu mafi sauri da ke cikin jerin. Daga nan ya umarci kwamfutar ofis ta bugo lambar Kaka.

Wayar ta ce ƙirrr, ba ta ma rufe baki ba.

"Halo, wa ke magana?"

"Kaka!"

"Shiru, ina waya. Halo? Wannan wane marar tarbiyya ne, ya kira ya yi shiru?"

"Ni ne! Gwaji nake yi! Ajiye!"

"Kai ne? To ga ni ga ka, mene ne na ɓata kira? Faɗi abin da ke bakinka."

Ya dafe kai. Ya yi mata bayani dalla-dalla, ta ce ta gane tsaf, ai ba yau ta fara ganin na'ura ba. Ya sake bugowa. Ƙirrr.

"Halo?"

"Wallahi da gangan kike yi."

"Hannuna ne, ba ni ba. Hali zanen dutse. Kai da ka ce ƙara huɗu, wane ɗan halak ne zai zauna waya na kuka har sau huɗu? Ko akuya ce ta yi kuka huɗu ai a leƙa."

"To zan mai da shi ƙara ɗaya, in ga ta tsiya. Mu ga wa zai riga wani, ke ko shi."

"Mai da shi. Amma tsaya in tambaye ka, mai kunnen ƙashi. Can inda za a kai shi, akwai waya a kan layin?"

Injiniya ya gyaɗa kai. Akwai, wata tsohuwa mai ruwan toka a kan teburin mai kula da rumbu. Kamfanin ya daina amfani da lambar tun tuni, amma ba wanda ya cire ta.

"Wa ke zama kusa da ita?"

"Wani dattijo, mai kula da rumbu."

"Shekarunsa?"

"Zai yi sittin. Ke ina ruwanki, ko kin fara neman wanda zai maye gurbina?"

"Da na huta. Ba ni lambar."

Ta juya lambobin da ɗan yatsa ba tare da ta duba ba. Injiniya na jin ƙarar daga inda yake tsugune. Ɗaya ta yi, aka ɗauka. Kaka ta kalle shi ta gefen tabarau, irin kallon da ya fi zagi ciwo, sannan ta gyara zama ta shiga gaisuwa. Ta tambayi dattijon aiki, ta tambayi iyali, ta tambayi ruwan sama, ta ji labarin gwiwarsa da ke damunsa har ta ba shi shawarar ruwan ɗumi. Injiniya na nuna mata agogo, tana juya masa ƙeya. Sai da aka ci minti goma sha biyu ta ajiye.

"Ka ga mutumin kirki? Ƙara ɗaya. Da ka aika akwatinka da ƙara huɗunsa, da kai kana nan kana bugawa, bawan Allah yana can yana halo, har matarka ta yaye."

Gaskiya ce, kuma ta yi masa ɗaci. Bai taɓa kawo dattijon a lissafinsa ba.

"To ai shi ya sa na ce ƙara ɗaya."

"Ƙara ɗayan ma za su yi kokawa ne, shi da akwatin. Mutum ba ya ɗaukar wayar da babu. Ka gaya wa direba ya cire ta daga bango ya kawo mini, dama ina son ta ɗakin kwana."

"Au, ashe ganima kike nema."

"Ladan aiki ne. Sannan ka sa ƙara biyu, kada ka sa ɗaya."

"In ba wanda zai ɗauka, mene ne bambancin?"

"Rashin sani ya fi dare duhu. Dogon layi irin wancan, in hadari ya taso, yakan yi ƙara ɗaya shi kaɗai ba wanda ya kira. Tari muke ce masa a wurin aiki. Sabuwar ma'aikaciya ce ke amsa tari. Akwatinka zai ɗauka ya riƙe layi yana jiran aljani ya yi magana, kai kuma ka bugo ka ji ana kan layi."

"Ke da kike ɗauka a ƙarar farko?"

"Ni kunnena ya san tari ya san kira. Shi yana da kunne?"

Injiniya ya jawo kwamfuta. Ya goge huɗu ya sa biyu.

"Saura kuma me ka zaɓa masa? Na ji kana cewa gudu."

"Saurin maganarsa. Na sa masa na ƙarshe, wanda ya fi kowanne. Wannan kam ba fanninki ba ne, a zamaninku da jaki ake aika saƙo."

"Da jakin aka aiko aka ce an haife ka, shi ya sa kuka yi kama. Ɗauki wayar nan ka sake kiran mutumin, kada ka saurari maganarsa, ka saurari bayanta."

Ya kira don dai a zauna lafiya. Dattijon ya ɗauka da murna yana tambayar ko Hajiya ce. A bayan muryarsa kuwa layin sai ƙas-ƙas yake yi, kamar ana suya a ɗaki na kusa, can kuma muryar ta nutse ta sake tasowa. Injiniya ya gaishe shi, ya ajiye a hankali.

"Ka ji? Ruwa ya shiga wani haɗi a hanya, ya kuma daɗe a ciki. Layi irin wannan in ka yi masa sauri, rabin maganar a daji take zubewa. Mu da muka san aiki, kalma ɗaya-ɗaya muke ba shi. Sauri ya haifi nawa, ɗan nan."

"Zai yi jinkiri fa sosai."

"Hoto za ka aika ko waƙa?"

"Rubutu ne kawai, 'yan layuka."

"To ina kake sauri, gidan surukai?"

Ya sauke gudun har ƙasa, zuwa dubu tara da ɗari shida, ya daidaita na mashigar uwar garke da shi. A ransa yana jin kunya, a bakinsa kuwa cewa ya yi dama abin da ya yi niyya ke nan, gwada ta yake ya ga ko ƙwaƙwalwar ta fara tsufa. Kaka ta ce ta gode da jarrabawa, Allah ya ba shi lada.

Ƙarfe uku saura kwata komai ya zauna. Ƙara biyu, gudu a hankali, ga kalmar sirri ya sa don kada kowane mai kuskuren lamba ya faɗo cikin uwar garke. Ya miƙe ya yi miƙa, ya shiga bayi ya wanke fuska kafin gwajin ƙarshe, wanda manaja zai gani daga ofis. Da ya fito sai ya tarar fitilun modem a mace, butar lantarki kuma tana ta huci a soket ɗin.

"Kaka! Me kika yi?"

"Shayi. Soket ɗaya gare ni a nan, kuma nawa ne. Ko shi ma yana sha in ƙara ruwa?"

Ya fizge filogin butar ya mai da na modem. Fitilu suka dawo. Ya tambayi akwatin saitinsa, ya karanta, ya sake karantawa. Ba ƙara biyu, ba dubu tara da ɗari shida. Modem ya koma yadda ya fito daga masana'anta, wanda ko a buga sau ɗari ba zai ɗauka ba. Injiniya ya zauna a ƙasa. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, kuma a wannan karon bai sami zolayar da zai fake da ita ba.

"Kin kashe ni. Aikin awa uku kin shanye shi a shayi."

"Tsaya tukuna. Don na zare shi minti biyu ya manta komai?"

"Komai!"

"To da a yaya za ka ba direba shi? Da bangon ɗakina za a tafi?"

Injiniya ya ɗago kai a hankali.

"Kuma can rumbun, wuta ba ta ɗaukewa?"

Tana ɗaukewa, kusan kullum. Shi ya tashi ne a zamanin na'urorin da kana taɓa su suke adana abin da ka sa, bai taɓa tunanin akwai wadda sai an ce mata ta riƙe ba. Da shayin Kaka bai ratsa ba, da gwaji ya yi kyau, manaja ya yaba, a kai akwatin rumbu ya zauna kurma. Ranar da ruwa ya sauko kuma, a tsakiyar sauya manhaja, shi za a tasa a mota ko matarsa na kan gwiwa. Gumi ya karyo masa.

"Ba ni littafin nan."

"Wanne? Maficina?"

"Don Allah, Kaka."

"Yau kuma har da don Allah? Ashe bakin ya san hanya."

Ta miƙa masa. A shafi na goma sha ɗaya ya same shi, umarni mai haruffa huɗu kacal, wanda ke sa modem ya rubuta saitinsa inda ɗaukewar wuta ba ta gogewa. Ya sake shigar da komai, ya buga haruffan huɗu. Sannan da kansa ya zare filogin, ya ƙirga goma, ya mayar. Ƙara biyu na nan, gudu na nan.

"A wurinmu," in ji Kaka tana zuba shayi, "kiran da ba a rubuta a tikiti ba, ba a yi shi ba. Ungo fensir. Rubuta saitin a takarda ka manna a jikinsa, don wanda zai zo bayanka kada ya zama wawa irinka."

Ya rubuta ya manna. Ƙarfe uku da rabi ta wuce. Ya dubi baƙar wayar, ya dubi kakarsa.

"Saura gwajin da manaja zai gani. Bari in cire wayarki daga jiki, kamar yadda za a yi a rumbu."

"Kul! Ba mai cire mini waya ina kallo. Bar ta."

"Za ki ɗauka."

"Na ce bar ta. Ina so in ji da kunnena ya ɗauka a ta biyu, ban yarda da rubutunka ba."

Ta ajiye kofin, ta ɗaga cinya ta tura hannun dama a ƙarƙashi, ta tura na hagu, ta zauna a kansu daram. Da ta sake magana kuma ba da muryar zolaya ba ce.

"Ranar da za a haife ka, ubanka na can wurin aiki a wani gari, ni kuma ina kan allo. Garin nan kaf ni ke haɗa su da 'yan'uwansu, amma na yi awa shida ina soka igiya ban samu layinsa ba. Uwarka ta sha wuya, tana ta kiran sunansa. Sai bayan kwana biyu ya ji. Har yau abin na ci mini rai. Buga, ɗan nan."

Injiniya ya danna.

Ƙirrr.

Kafaɗar Kaka ta zabura, ta runtse ido, leɓɓanta na motsi ba sauti. Shirun da ke tsakanin ƙarar farko da ta biyu bai fi daƙiƙa huɗu ba, amma tsohuwar nan sai da ta yi zufa.

Ƙirrr.

Modem ya ce ƙyat, ya fasa wani irin ƙugi da shewa, ya yi ta yi, sannan ya yi tsit. Rubutu ya fito a fuskar kwamfuta cewa an haɗu, ga wurin sa kalmar sirri yana jira. Ba a yi minti biyu ba saƙon manaja ya shigo wayar hannu: ya gani, a ba direba kaya, Injiniya ya zauna gida.

"Wannan ce gaisuwarsa?" in ji Kaka tana zaro hannuwa tana yarfewa. "Da a ƙarƙashina yake aiki, da yau ya karɓi takardar sallama. Shekara talatin da ɗaya ba tabo, yau ka sa waya ta yi kuka biyu a gabana. Kada ka kuskura ka gaya wa kowa."

"Sai na sa an buga a jarida."

"Ka buga, ni kuma in ba da labarin injiniyan da butar shayi ta koya wa aiki."

Ba a jima ba direba ya biyo ta gidan, ya yi hon a waje. Injiniya ya naɗe igiyoyi, ya rufe kwalin, ya kai mota, ya maimaita wa direban sau uku cewa a cire wayar teburin dattijo a taho da ita. Ya tsaya a bakin ƙofa har motar ta sha kwana, kujerar gaba ba kowa. Daɗi ya cika shi har bai san yana dariya shi kaɗai ba.

Ya dawo ya durƙusa bayan tebur, ya mai da igiyar baƙar wayar cikin bango, ya gyara mata ƙyallenta. Ya miƙa wa Kaka fensirinta.

"Riƙe, na ba ka. Da shi na rubuta tikitin ƙarshe ranar da aka rufe ofis. Yanzu tashi ka tafi wurin 'yar mutane, na sallame ka sai an haihu. Kuma in abin ya taso, wannan lambar za ka bugo, ban da 'yar mitsitsiyar nan ta aljihu."

"To, na ji. Ƙara nawa zan jira?"

"Kai, tafi can! In ka ji ta yi biyu, kada ka ƙara bugawa, ka zo da likkafani."

Injiniya ya fashe da dariya, ya soke fensirin a aljihun gaba, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama, 'yar tsohuwa. Ke ce injiniyar, ni ɗan ɗaukar kwali ne."

"Sai yau ka sani? Mayar mini da butata kafin ka fita, shayin ya huce."